Amanar da Duniya Ta Ɗora a Kan Lambobi Biyu

A shekarar 1874 wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya rubuta lamba 8,616,460,799 a cikin wani littafinsa, ya ƙalubalanci mai karatu ya faɗi lambobi biyun da aka ninka da juna suka ba da ita. A zatonsa da wuya wani mahaluki ya taɓa sani in ba shi ba. Aikin da ya yi kafin ya samu lambar bai fi ƙarfin ɗan firamare mai haƙuri ba: ya ɗauki 89,681 ya ninka da 96,079, kuma fensir da takarda sun isa. Amma wanda aka miƙa wa sakamakon kawai aka ce ya koma baya, in hanyar gwaji ɗaya bayan ɗaya zai bi, sai ya yi rabawa sama da dubu takwas kafin ya dace. Zaton Jevons bai yi daidai ba, domin an warware lambarsa tun kafin zuwan kwamfuta, yau kuma wayar hannu za ta gama da ita kafin ƙiftawar ido. Abin da ya hango ne ya ɗore: akwai lissafin da ɗaurinsa ke da sauƙi, kwancensa ke da wuya. A kan wannan giɓi aka gina wani babban sashe na tsaron katin banki, da shafukan intanet, da sa hannun da ke tabbatar wa waya cewa manhajar da za ta sauke daga mai ita ta fito. Har yanzu kuwa babu masanin da ya kawo hujjar lissafi cewa wahalar kwancen dole ce. Duk da haka ina ganin amanar ba ganganci ba ce, muddin an san irin shaidar da ta dogara a kai, an kuma san inda take da rauni.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai ba tare da saura ba sai da ɗaya ko da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Su za mu kira gagara-raba. Duk wata lamba da ta wuce ɗaya, ko dai ita kanta gagara-raba ce, ko kuma ninkin gagara-raba ce ta hanya guda tak. Lamba 60, alal misali, 2 ce sau 2 sau 3 sau 5, kuma duk ta inda aka ɓullo mata waɗannan huɗun za a tarar a ƙarshe. Yuklid, wanda ya koyar a Iskandariya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa gagara-raba ba su da iyaka. Eratosthenes, mai kula da babban ɗakin karatu na birnin, ya bar mana hanyar tace su daga cikin sauran lambobi. Ibn al-Banna na Marrakesh, a wajejen ƙarni na 13 zuwa na 14, ya lura cewa ba sai an gwada kowace lamba ba: in ana binciken 3,127, da an wuce 55 ba a samu mai raba ta ba to babu, domin 56 sau 56 ya riga ya zarce ta. Wannan ragi ne mai yawa, kuma da shi za a tarar cewa 3,127 ita ce 53 sau 59. Sai dai ragin ba ya ceton mai gwaji idan lambar ta yi tsawo. Lambobin da ake aiki da su yau suna da jerin alƙaluma 617, wato gagara-raba biyu masu alƙaluma fiye da 300 kowace. Ƙwayoyin zarra na duk sararin samaniyar da ake iya hangowa, in aka rubuta yawansu, alƙaluma kimanin 80 ne. Gwaji ɗaya bayan ɗaya ya mutu ke nan tun ba a fara ba.

Shekaru aru-aru wannan ilimi ba shi da wata alaƙa da ɓoye saƙo. Sarakuna da janar-janar suna musanya haruffa ne bisa wata ƙa'idar da mai aikawa da mai karɓa suka amince da ita a asirce, kuma tun ƙarni na 9 al-Kindi na Bagadaza ya bayyana yadda ake karya irin wannan ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Dabarun sun yi ta ƙaruwa har zuwa injinan Yaƙin Duniya na Biyu, amma matsala ɗaya ba ta gushe ba: kafin mutum biyu su yi magana a ɓoye, sai mabuɗin sirrin ya riga ya isa hannun kowannensu ta wata hanyar da aka amince da ita. Gwamnati tana iya tura ɗan aike da jaka. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗi ga wani kamfani a wata nahiya, wanda bai taɓa gani ba, ba shi da wannan gatan. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na jami'ar Stanford a Amurka suka wallafa shawarar cewa a raba aikin gida biyu, abin rufewa daban, abin buɗewa daban. Shekara guda bayan haka Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na cibiyar MIT suka samo lissafin da zai yi hakan, aka sa wa tsarin harafin farko na sunayensu, RSA.

Abin ya yi kama da mutumin da ya ƙera kwaɗo dubu iri ɗaya, ya bar su a buɗe ya rarraba wa duk mai so, shi kuma ya riƙe ɗan makullin. Kowa na iya danna kwaɗon ya rufe akwati, amma ko wanda ya rufe ba ya iya buɗewa. Ga yadda yake da ƙananan lambobi. Mai karɓar saƙo ya zaɓi gagara-raba biyu a ɓoye, a ce 5 da 11, ya ninka ya samu 55. Sai ya rage ɗaya daga kowace, 4 da 10, ya ninka ya samu 40, ya ɓoye wannan. Sai ya nemi lambobi biyu waɗanda in aka ninka su aka raba da 40 saura ɗaya zai rage: 3 da 27 sun yi, domin 81 ya ɗara 80 da ɗaya. Zai shelanta 55 da 3 ga duniya, ya riƙe 27. Mai son aika masa lamba 7 zai ninka 7 sau 7 sau 7, ya samu 343, ya raba da 55, ya aika saurar, wato 13. Mai karɓa zai jera 13 har guda 27 ya ninka su, ya raba da 55, sai saurar ta fito 7 daidai. Ba sihiri ba ne, wata ƙa'ida ce da Pierre de Fermat na Faransa ya faɗa a 1640, Leonhard Euler ya tabbatar ya kuma faɗaɗa a ƙarni na 18. Mai leƙen asiri yana ganin 55 da 3 da 13. Abin da yake buƙata shi ne 27, ba zai same ta cikin sauƙi ba sai ya san 40, ba zai san 40 ba sai ya warware 55 zuwa 5 da 11. In an juya tsarin, mai mabuɗin sirri ya yi lissafin da tasa lambar, kowa ya duba da ta fili, an samu sa hannun da ba a iya kwaikwaya. A yau wannan aiki na biyu ne ma ya fi yawa. Shi ne ke gudana a ɗan ƙarfen da ke jikin katin cirar kuɗi lokacin da na'urar POS ke tantance cewa katin ba jabu ba ne.

Mai hankali zai tambaya: in warware babbar lamba ya gagara, ta yaya mai ƙera mabuɗin ya san cewa lambobinsa masu alƙaluma 300 gagara-raba ne? Nan abin sha'awar yake. Gane cewa lamba tana rabuwa aiki ne daban da gano abin da ke raba ta. Ƙa'idar Fermat ɗin nan tana ba da gwajin da mafi yawan lambobi masu rabuwa ke faɗuwa nan take ba tare da sun tona abin da ya haɗa su ba, kuma Gary Miller da Michael Rabin sun gyara gwajin a tsakanin 1976 da 1980 har ya zama abin dogaro. A 2002 Manindra Agrawal da ɗalibansa biyu, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, a Kanpur ta Indiya, suka tabbatar da hujja cewa tantance gagara-raba na cikin ayyukan da kwamfuta ke iya yi da sauri komai tsawon lambar. Ga shi kuma ba su da ƙaranci: a cikin lambobi masu alƙaluma 308, kusan ɗaya cikin kowace 700 gagara-raba ce. Don haka kwamfuta na zaɓo lamba da ka, ta gwada, ta jefar, ta sake, cikin ɗan lokaci ta samu biyu. Tarihi ya nuna wannan bambanci tun da daɗewa. An san cewa lambar da ake samu in aka jera 2 guda 67 aka ninka aka cire ɗaya tana rabuwa tun 1876, amma sai 1903 Frank Nelson Cole ya rubuta masu raba ta a allo a wani taro a New York, bayan ya kashe ranakun Lahadi na shekara uku a kai.

Suka ta farko da ake yi wa tsarin ita ce kwamfuta na ƙara sauri kullum, saboda haka abin da ya gagara yau zai yiwu gobe. Masu wannan magana suna da misali mai ƙarfi. A watan Agustan 1977 Martin Gardner ya buga a mujallar Scientific American wata lamba mai alƙaluma 129 daga masu RSA, da ladan dala 100 ga wanda ya warware ta, da ƙiyasin cewa aikin zai ci shekara tiriliyan 40,000. A watan Afrilun 1994 ta faɗi, shekara 17 kacal, a hannun 'yan sa-kai kimanin 600 da suka haɗa kwamfutocinsu ta intanet na wajen wata takwas. Sai dai in aka duba da kyau, ba saurin inji kaɗai ya kayar da ita ba. Sabuwar dabara ce, wadda Carl Pomerance ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, kuma kafin a gama murna wata da ta fi ta, wadda ta samo asali daga John Pollard a 1988, ta riga ta karɓi fage. Da wannan ta biyun aka warware lamba mai alƙaluma 155 a 1999, mai 232 a ƙarshen 2009, da mai 250 a watan Fabrairun 2020, aikin da in ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya aka bar wa zai ɗauke ta shekara kimanin 2,700. Wanda ya karanta jerin nan zai ga abu biyu. Ana ci gaba, amma da rarrafe: alƙaluma 18 aka ƙara tsakanin 2009 da 2020, alhali tsakanin 250 da 617 akwai tazara mai nisa. Kuma sama da shekara talatin ke nan ba a samu dabarar da ta ture ta Pollard ba, sai dai gyare-gyare. Saurin inji ma ya fi taimakon mai tsaro. In ya ninka tsawon mabuɗinsa daga alƙaluma 309 zuwa 617, aikinsa ya ƙaru ne kamar sau takwas, na mai kai hari kuwa sau biliyoyi bisa ma'aunin da hukumar NIST ta Amurka ke amfani da shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta da cikakkiyar amsa. Tunda babu hujjar cewa warwara dole ta yi wuya, me zai hana a ce wata hukumar leƙen asiri ta gano gajeriyar hanya ta yi gum? An ma taɓa yin irin haka. Clifford Cocks, wani matashin masanin lissafi a hukumar GCHQ ta Birtaniya, ya gano kusan ainihin tsarin RSA a 1973, shekara huɗu kafin masu sunan, kuma duniya ba ta ji ba sai 1997. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa babu wani sirrin makamancin wannan. Amma shaida ba ta tsaya ga hujjar allo kaɗai ba, halayyar mutane ma shaida ce. A shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta hana fitar da manhajoji masu dogon mabuɗi zuwa ƙasashen waje, ta ƙayyade RSA ga tsawon da ya yi daidai da alƙaluma 155. Takardun da Edward Snowden ya fallasa a 2013 sun nuna hukumomi suna zagayawa ta baya, suna neman mabuɗai kai tsaye, suna kutsawa cikin na'urori, suna ƙoƙarin raunana ƙa'idojin da kamfanoni ke bi. Wanda ya iya warware kowace lamba a ɗakinsa ba ya buƙatar wannan wahala da abin kunyar da ke biyo bayanta. Ƙari a kan haka, ita kanta Amurka ta daɗe tana yarda a kare bayanan tsaronta da RSA mai dogon mabuɗi. Sannan tun daga Carl Friedrich Gauss, wanda a 1801 ya sa wannan matsala cikin mafiya muhimmanci a ilimin lissafi, manyan ƙwaƙwale ke dukan ƙofar nan a bainar jama'a, kuma duk wanda ya buɗe ta sunansa ya shiga tarihi. Gazawar masu kwaɗayi da ƙwarewa na tsawon wannan lokaci ba yaƙini ba ce, amma ta fi alkawarin kowane kamfani da ke cewa a yarda da tsarinsa don ya ɓoye yadda yake aiki.

Inda aka sha karya RSA a zahiri, ba lissafin ne ya ba da kai ba. Wani labari na 2012 ya fi kowanne koyarwa, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin rabon gado zai gane shi da sauri. A ilimin fara'id ana duba lambobi biyu a ga ko tsakaninsu akwai tamasuli, ko tadahuli, ko tawafuƙi, ko tabayuni. Tawafuƙi shi ne su yi tarayya a wata lamba da ke raba su duka, kuma ana gano ta ne ta hanyar cire ƙarama daga babba a kai a kai. A ɗauki 91 da 65: a cire, saura 26, a cire 26 sau biyu daga 65, saura 13, 13 kuwa ta cinye 26 ba saura. To 13 ce ta haɗa su, kuma nan take an san 91 ita ce 7 sau 13, 65 kuma 5 sau 13, ba tare da an yi wahalar warware ko ɗaya ba. Wannan hanya tana cikin littafin Yuklid, kuma kwamfuta na yin ta a kan lambobi masu alƙaluma ɗaruruwa cikin abin da bai kai daƙiƙa ba. A 2012 ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya da Arjen Lenstra a ciki, ɗaya da Nadia Heninger, suka tattaro miliyoyin mabuɗan fili daga intanet suka gwama su da juna. Dubun-dubata suka buɗe. Dalili kuwa shi ne ƙananan na'urori, irin masu rarraba intanet a ofisoshi, suna ƙera mabuɗinsu ne da zarar an kunna su karo na farko, lokacin da ba su da isasshen abin da za su yi zaɓen da-ka da shi, sai na'urori daban-daban suka riƙa faɗawa kan gagara-raba iri ɗaya.

Sauran misalan ma haka suke. A 2015 aka gano cewa gajerun mabuɗan nan na dokar shekarun 1990 suna nan kwance a cikin manhajoji da yawa, kuma ana iya yaudarar shafi ya koma kansu, a warware cikin sa'o'i da hayar kwamfuta ta kimanin dala 100. A 2017 masu bincike a jami'ar Masaryk ta Jamhuriyar Cek suka nuna cewa wata manhajar kamfanin Infineon na Jamus tana zaɓen gagara-raba masu wani fasali na musamman don ta yi sauri, fasalin kuma ya rage wa mai hari aiki ƙwarai. Ƙasar Estoniya, wadda 'yan ƙasarta ke sa hannu a takardu har da jefa ƙuri'a da katin shaida, sai da ta dakatar da takardun tantancewa na katuna sama da 700,000. Gaggawa, da rowar ƙarfin inji, da dokar siyasa, su suka yi ɓarnar. A ƙasa da wannan mataki ma, ɓarawon da ke kwashe kuɗin mutane a asusu ba ya kusantar lissafi ko kaɗan. Waya yake bugowa ya ce daga banki ne, mai asusun ya karanto masa lambar sirrin da bakinsa.

Barazana ɗaya ce ta taɓa tushen abin. A 1994, shekarar da lambar Gardner ta faɗi, Peter Shor na Bell Labs ya nuna cewa kwamfutar kwantam, wadda ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin halitta, za ta iya warware lamba cikin lokacin da bai fi na ninkawa da nisa sosai ba. Wannan kam tabbatacciyar hujja ce, injin ne kawai babu. A 2001 masu bincike na IBM da Stanford suka warware 15 zuwa 3 da 5 da wannan hanya, kuma har yanzu ba a yi nisa daga irin waɗannan ƙananan lambobi ba, abin da ke sa wasu dariya. Ban ga abin dariya ba. A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa mabuɗi mai alƙaluma 617 zai buƙaci ƙwayoyin lissafin kwantam miliyan 20 da sa'a takwas. A 2025 Gidney ya sauko da ƙiyasin ƙasa da miliyan ɗaya, cikin ƙasa da mako guda. Injinan da ake da su ba su kusa ba, amma irin wannan saukowar ce ta ci ƙiyasin 1977. Kuma komawa ga ɗaya tsarin da ya yaɗu, na lanƙwasassun layuka, wanda WhatsApp da mafi yawan shafukan intanet ke musayar mabuɗi da shi, ba mafita ba ce, domin shi ma a kan gagara-raba yake aiki kuma hanyar Shor ta haɗa da shi. Ga kuma wanda zai naɗi saƙon yau ya ajiye, yana jiran injin shekara ashirin masu zuwa. Cinikin tumatir ba zai dame shi ba, amma bayanan asibiti da na diflomasiyya suna da tsawon rai.

Shi ya sa NIST ta buɗe gasa a 2016, ta fitar da ƙa'idoji uku na farko a watan Agustan 2024, biyu daga ciki a kan wata matsalar lissafi ta daban da ta shafi neman ɗigo mafi kusa a cikin saƙa mai fuskoki ɗaruruwa. Sababbin ma babu hujjar cewa ba sa karyuwa, kuma ba su sha dukan da warwarar lamba ta sha ba. Wani tsari mai suna SIKE ya tsallake zagaye uku na gasar, sai a 2022 Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar Leuven a Beljiyam suka karya shi da kwamfuta ta yau da kullum cikin kusan sa'a guda. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dalilin a tsaya kan tsohon. A ganina ya nuna ne cewa gwajin bainar jama'a yana aiki, tunda raunin ya fito kafin a ɗora kuɗin kowa a kai, kuma shi ya sa manyan manhajojin shiga intanet suka zaɓi haɗa tsoho da sabo a musaya ɗaya, ta yadda sai an karya duka biyun kafin saƙo ya tonu. Daftarin da NIST ta fitar a ƙarshen 2024 ya ba da shawarar a fara janye RSA mai alƙaluma 617 bayan 2030, a daina RSA gaba ɗaya bayan 2035. Wayoyi da manhajoji za su sauya da kansu cikin dare ba tare da masu su sun lura ba. Wahalar tana ga katunan banki, da na'urorin biyan kuɗi, da mitocin lantarki, da fasfo, waɗanda aka dasa wa lissafin a jikin ƙarfe, kuma sauya su na nufin a ƙera sababbi a bi mutane ɗaya bayan ɗaya a karɓi tsofaffin.